Gaskiya ko Jita-jita: Faranti Ɗaya na Maka, Zance Goma

Daga mararrabar Tsarnawa, inda hanyar Tawa take rabuwa da babbar hanyar Yamai zuwa Maradi, har ka kai Badagishiri, da wuya ka ga tashar mota ko bakin kasuwa da babu mai dafa taliya. Haka abin yake a Birnin Ƙwanni da Malbaza da Galmi da Illela, haka ma a Tajaye ranar kasuwa. Wani wurin rumfar kwano ce da benci biyu da ƙatuwar roba cike da maka, wato makaroni ko sufageti, an yi mata ja da tumatir. Wani teburin mai shayi ne, ga kiret ɗin ƙwai, ga katan na Indomie a ƙarƙashin tebur. Wani kuwa ɗaki ne mai fanka da talabijin, inda malaman makaranta da direbobin manyan motocin albasa da na siminti suke zama su ci da cokali mai yatsu.

Abincin ya shiga jikin mutane, amma zargi bai rabu da shi ba. Ana ci ana kushewa. Mutum zai share faranti ya sha ruwa, sannan ya zaro waya ya kunna wa abokan zamansa saƙon muryar da aka turo masa ta WhatsApp, wai wani likita a wata ƙasa da ba a ambata ba ya ce taliya roba ce. Wasu daga cikin maganganun nan suna da tushe, wasu iska ce kawai. Da na bi su ɗaya bayan ɗaya, abin da na gani shi ne yawancin tsoronmu yana kan ƙunshin da aka liƙe a masana'anta, alhali abin da yake kwantar da mutane a likita yana farawa ne bayan an sauke tukunya. An bar jaki ana dukan taiki.

"Kunna mata ashana ka gani, roba ce"

Wannan ita ce ta fi yawo, don tana da hoton bidiyo. Mutum ya ɗauki silin taliya busasshe ya kai bakin wuta, ya kama ci yana hayaƙi, sai a ce ga hujja.

Jita-jita ce. Taliya busasshiya garin alkama ne da aka kwaɓa aka busar har ruwan da ya rage a cikinta bai wuce kashi 12 ko 13 cikin 100 ba, kuma fiye da kashi 70 nata sitaci ne. Duk busasshen abinci mai sitaci ko mai yana ci da wuta: ƙwayar gyaɗa, ƙuli-ƙuli, busasshen tuwo. Indomie ta fi saurin kamawa don an soya ta a mai tun a masana'anta. Danƙon da ake gani idan an wanke ƙullun fulawa, wanda wasu ke ja kamar ƙyauren taya su ce ga robar, furotin ne na alkama. Shi ne yake sa funkaso ya tashi, shi ne yake sa alkaki ya murɗu bai tsinke ba. Kakanninmu sun san shi tun kafin a ƙera leda.

An taɓa gwada irin wannan zance a hukumance. A watan Disamba na 2016 jami'an kwastan na Najeriya suka kama buhu 102 na shinkafa a Legas, aka ce ta roba ce, duniya ta ɗauka. Da hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ta kai ta ɗakin gwaji ba a samu roba ba. An dai samu ƙwayoyin cuta fiye da ƙima, aka ce ba ta ciyuwa. Ko ta fuskar kasuwa ma zancen bai tsaya ba, don ɗanyar roba ta fi garin alkama tsada. Babu ɗan kasuwar da zai cuci mutane da asararsa.

Inda roba take haɗuwa da maka da gaske shi ne a hannunmu. Ka ce a ƙulla maka ka tafi da ita gida, a kwaso ta da zafinta da mainta a zuba a baƙar leda. Zafi da maiƙo su ne suke sa sinadaran leda su fi saurin ratsawa cikin abinci, kuma baƙar ledar nan ba don abinci aka yi ta ba. Nijar tana da doka tun ranar 5 ga Nuwamba 2014 da ta hana shigowa da sayar da irin waɗannan ledoji marasa kauri. Kowa ya san yadda dokar take a kasuwa. Wanda yake tsoron roba, ya riƙa zuwa da kwanonsa.

"Indomie tana da kaki, tana kwana uku ba ta narke ba, tana sa ciwon daji"

A nan sai an rarrabe, don an cuɗa ƙarya da gaskiya wuri ɗaya.

Zancen kaki ƙarya ne. Irin wannan taliya wani ɗan kasuwa mai suna Momofuku Ando ya ƙirƙiro ta a Japan a 1958, kuma dabararsa ita ce a turara taliyar, sannan a tsoma ta a tafasasshen mai na ɗan lokaci. Man yana korar ruwa ya bar ƴan ƙofofi, shi ya sa take nuna a minti uku. Maiƙon da ke tasowa a kan ruwa idan ana dafa ta wannan man ne, yawanci na kwakwar manja da aka tace. Yakan kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinta. Ciki yana narkar da ita kamar yadda yake narkar da fanke.

Amma ba a ce ba a taɓa samun matsala ba. Indomie ta kamfanin Indofood ce na ƙasar Indonesiya. Ta shigo kasuwar Najeriya a ƙarshen shekarun 1980, aka kafa mata masana'anta a Ota ta jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990, daga baya a Fatakwal da Kaduna, kuma daga can take tsallako Illelar Sakkwato zuwa teburin mai shayi a Ƙwanni. A 2004 aka yi ta yayata cewa tana kisa. NAFDAC, lokacin Dora Akunyili ce shugabarta, ta tsayar da aiki ta yi gwaji, ta samu gurɓatar maganin ƙwari mai suna kabofuran a wasu rukunin kayan. Aka janye su daga kasuwa, aka sake buɗe masana'antar. Yaran da aka haifa a waccan shekarar, yanzu sun yi aure, amma saƙon yana nan yana yawo kamar jiya abin ya faru.

Na biyu shi ne na watan Afrilu 2023. Hukumar lafiya ta birnin Taipei a Taiwan ta samu ɓurɓushin etilin oksaid a ƙunshin kayan ɗanɗano na wani nau'in Indomie mai ɗanɗanon kaza da aka yi a Indonesiya, Malesiya ma ta janye shi. Etilin oksaid iska ce da ake turara kayan yaji da kayan aikin tiyata da ita don kashe ƙwayoyin cuta, kuma cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a sahun farko na abubuwan da ke haddasa cutar. Saboda haka firgitar ba ta banza ba ce. NAFDAC ta ɗebo samfur daga masana'antu da kasuwanni, a watan Yuni na shekarar shugabarta Mojisola Adeyeye ta ba da sanarwar cewa ba a samu sinadarin a taliyar da ake yi a Najeriya ba. Wannan nau'in da aka kama ba ma shi ake yi a Najeriya ba.

To, hukuncin? An samu gurɓata a wasu kaya, a wasu shekaru, an janye su. Cewa duk ƙunshin da mai shayi ya fasa yana ɗauke da ciwon daji, wannan babu hujjarsa. Illarta ta gaskiya tana rubuce ɓaro-ɓaro a bayan ƙunshin, ba mai karantawa: gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato miligiram 2,000 na sodiyam, ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi. Ƙaramin ƙunshi ɗaya da duk kayan ɗanɗanonsa yakan ɗauki kusan rabin wannan. Kuma wane saurayi ne yake cin ɗaya? "Maigida, biyu da ƙwai biyu, a sa magi." Kafin a kai ga abincin dare ya riga ya cinye rabon yini.

Wannan ya kawo mu ga farin magi, wanda aka ɗora wa laifin duniya: wai yana cin hanji, wai yana kashe ƙarfin namiji, wai da shi ake wanke tufafi su yi fari. Wani masanin sinadarai ɗan Japan, Kikunae Ikeda, shi ya fitar da shi daga ganyen teku a 1908, aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto a 1909. Yau ana samar da shi ta hanyar tsima rake ko rogo ko masara. Ainihin abin da ke cikinsa, gulutamet, yana nan a tumatir, yana cikin nonon uwa, kuma shi ne sirrin daddawa. Tsoronsa ya samo asali daga wata wasiƙa da wani likita, Robert Ho Man Kwok, ya aika wa mujallar likitoci ta New England a Amurka a 1968, yana cewa yakan ji kasala da bugun zuciya in ya ci abinci a gidajen abincin ƴan Sin. Wasiƙa ce, ba bincike ba. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya, inda mai ci bai san ko an sa ko ba a sa ba, ba su tabbatar da zargin ba a irin yawan da ake sa wa abinci. A 2017 hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai ta sa iyakar miligiram 30 ga kowane kilo na nauyin mutum a yini, wato kusan giram 2 ga mai kilo 70. Ke nan akwai iyaka, kuma mai zuba shi da cokalin miya zai iya wuce ta. Amma abin mamaki, sodiyam ɗin da ke cikin farin magi kashi 12 ne cikin 100, na gishiri kuwa kusan kashi 39. Dunƙulen magi da ba a tsoro, wanda ake marmasa uku a tukunya ɗaya, kusan rabinsa gishiri ne. Mai hawan jini da ya ce wa mai abinci "ban da farin magi" sannan ya bari aka ƙara dunƙule da gishiri bai tsira da komai ba.

"Abincin Nasara ne, wani Bature ya ɗauko shi daga Sin"

Wannan zancen ƴan boko ne. Su ne za ka ji suna cewa Marco Polo ya kai taliya Italiya. Labari ne mai daɗi, sai dai shekaru sun ƙaryata shi. An haifi Marco Polo a 1254, ya dawo Banis daga tafiyarsa a 1295. Shekara 100 cif kafin haihuwarsa, a 1154, malamin labarin ƙasa Al-Idrisi, Musulmi haifaffen Sabta a gaɓar Maroko, ya gama littafinsa Nuzhat al-Mushtaƙ a fadar Sarki Roja na Biyu a tsibirin Sisili. A ciki ya ba da labarin garin Tarabiya kusa da Falermo, inda ake yin busasshiyar taliya ana loda ta a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Sisili kuwa ta yi kusan shekara 200 a hannun Larabawa kafin nan. A birnin Jenowa ma akwai takardar gado ta 1279 da ta lissafa kwandon makaroni a cikin dukiyar mamaci, lokacin Marco Polo yana can gabas bai dawo ba. Tatsuniyarsa ta bazu ne daga wata mujallar masu masana'antar makaroni a Amurka a 1929.

Cewa mutanen Sin sun daɗe da taliya gaskiya ne. A 2005 masu tonon tarihi suka ba da rahoton wani kwano da aka samu kife a Lajiya, a bakin Rawayan Kogi, da silin taliya mai kimanin shekara 4,000, suka ce da wasu ƴan uwan gero aka yi ta, ba alkama ba. Tumatir da muke ganin shi ne rabin maka baƙo ne a Italiya ɗin ma: daga nahiyar Amurka ya zo bayan 1492, kuma sanannen bayanin dafa taliya da miyar tumatir na littafin Ippolito Cavalcanti na birnin Nafoli bai fito ba sai 1839.

Mu ma ba jiya muka san alkama ba. Alkaki da funkaso da alkubus da gurasa sun shaida. Akwai taliyar murji da mata ke murzawa da hannu, akwai taliyar Hausa ta injin hannu da ake shanyawa a igiya, a ci da manja da yaji ko da wake. Masu cewa alkama ba ta yi a ƙasarmu su je fadamar noman rani ta Ƙwanni da sanyi. Fili ne na kusan hekta 2,450 da ke shan ruwan madatsun Mozage da Zango a kwarin Majiya, ƙarƙashin kulawar hukumar ONAHA, kuma alkama tana cikin abin da ake shukawa a can tare da albasa da masara. Abin da yake gaskiya shi ne alkamar cikin ƙunshi ba tamu ba ce. Najeriya, inda Golden Penny da ire-irenta suke fitowa, tana sayo fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamarta daga waje. Wata makar daga Turkiyya take zuwa ta tashoshin ruwan gaɓar teku, wata daga Aljeriya take gangarowa ta Assamaka da Arlit da Agadas. Shi ya sa yaƙin Rasha da Yukren na Fabrairu 2022 ya taɓa farantin ɗan kabu-kabu a Malbaza, haka rufe iyakar Najeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Idan mai abinci ta rage ludayi a irin wannan lokaci, ba rowa ba ce.

"Cika ciki ce kawai", "ita ke kawo ƙiba da ciwon sukari"

Maganganun biyu suna karo da juna, amma baki ɗaya yakan faɗe su. Giram 100 na busasshiyar maka yana da kusan kalori 360, sitaci giram 70 da ɗoriya, furotin kusan giram 12, mai kuwa bai kai giram 2 ba. Furotin ɗinta ya fi na shinkafa yawa, sai dai yana da giɓi: ya gaza wajen wani sinadari mai suna laisin, wanda wake yake da shi a wadace. Saboda haka matar da ta fara haɗa taliya da wake ta yi abin da masanin abinci zai sa mata hannu, kuma Nijar tana cikin ƙasashe biyu ko uku da suka fi noman wake a duniya. A ƙara albasar Galmi da zogale ko kabeji, faranti ya cika. Maka tsura da mai da magi ita ce cika ciki.

Batun sukari kuwa ya ba ni mamaki da na fara ganin alƙaluman. Akwai ma'aunin saurin da abinci yake ɗaga sukarin jini, inda aka ba tsantsar gulukos maki 100. A jadawalin da masana na jami'ar Sidni suka tattara, farin burodi yana wajen 75, dafaffiyar farar shinkafa wajen 73, sufageti kuwa wajen 49. Dalili shi ne yadda injin yake matse ƙullun, danƙon alkama ya kewaye sitacin, sai ciki ya ɗauki lokaci kafin ya warware shi. Idan aka dafa ta ta yi luguf, makin yana hawa. Wannan ya rushe wani zancen, na cewa taliyar da ba ta yi laushi sosai ba ɗanya ce mai ɓata ciki. Mutanen Italiya da ɗan tauri suke cin ta da gangan.

Kada mai ciwon sukari ya ɗauki wannan a matsayin izini. Ma'aunin yana faɗin sauri ne, ba yawa ba, kuma farantinmu ba irin na gwaji ba ne. Mu ne muke tsaga rabin burodi mu cusa masa maka, mu ne muke cewa a haɗa mana da shinkafa, a bi da lemon kwalba ko shayi mai sukari cokali huɗu. Babban cokali ɗaya na mai kalori 120 ne, kuma makar bakin titi sai ta yi ƙyalli ake yarda ta yi daɗi. Ƙibar daga nan take.

Ƙananan zantuka biyu a gurguje. Launin rawaya na maka ba ƙwai ba ne, ba kuma rini ba ne a mai kyau. Launin alkama mai tauri ce, irin wadda dokar Italiya ta 1967 ta wajabta a yi busasshiyar taliya da ita. Zuba mai a ruwan dahuwa kuma ba ya hana ta cuɗewa, don man a sama yake tsayawa. Ruwa mai yawa da juyawa a mintunan farko su ne maganin.

"In dai an ɗumama, wuta ta kashe komai"

Ga wadda kusan kowa ya yarda da ita, mai sayarwa da mai saye, kuma ita ce mai haɗarin gaske.

Akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da ke zaune a ƙasa da ƙura, tana biyo hatsi da gari. Idan ta ji wuya sai ta dunƙule cikin wani ƙoƙo mai tauri, wanda tafasa ba ta fasa shi. Wato an dafa maka, an kashe sauran ƙwayoyin, ita tana nan kwance. Da abincin ya huce ya sauko ƙasa da digiri 60, sai ta farka ta fara hayayyafa, kuma ta fi jin daɗi tsakanin digiri 30 da 37. A cikin abinci mai sitaci tana fitar da wata guba da ke sa amai cikin rabin awa zuwa awa 6. Gubar nan ita ce matsalar: tana jure zafin digiri 121, wanda ya wuce na tafasasshen ruwa. Ɗumame zai kashe ƙwayar, ba zai taɓa gubar da ta riga ta zuba ba. Sau da yawa abincin ba ya wari, ba ya yauƙi, ɗanɗanonsa bai sauya sosai ba.

Yawanci amai ne na yini ɗaya a warke, a ce shawara ce ko sammu ko "cikina ne ba ya son taliya". Amma takan yi kisa. A watan Oktoba 2008 wani ɗalibi mai shekara 20 a Burasel ta ƙasar Beljiyam ya ɗumama sufageti da ya dafa kwana 5 da suka wuce ya bari a ɗaki, ya ci, da safe aka tarar ya rasu. Likitoci sun wallafa bayanin a 2011. Kafin shi, a 2003, a ƙasar dai, yara biyar ƴan gida ɗaya suka kwanta bayan cin taliyar da ta kwana uku, ƙaramarsu mai shekara 7 ta rasu da lalacewar hanta. Wannan ta biyun a firji aka ajiye ta, sai dai firjin sanyinsa digiri 14 ne maimakon ƙasa da 5. Duk wanda ya san yadda wuta take ɗaukewa a garuruwanmu ya san irin wannan firji.

Beljiyam ƙasar sanyi ce. A Ƙwanni da Illela, watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ba, ba a cikin sanyi ba, kuma hukumomin abinci na Amurka sun rage zuwa awa 1 idan zafin gari ya haura digiri 32. Yanzu a auna da robar makar da aka dafa da hantsi, aka rufe da leda da zane, ana ɗiba har la'asar, ragowar kuma a juye ta cikin sabuwar dahuwar gobe don kada a yi asara. Ta wannan fuska Indomie ɗin mai shayi, wadda aka fi zargi, ta fi aminci, tunda a gabanka ake fasa ta a tafasa a miƙo maka tana tururi.

Sai ruwa. Masu dafa da yawa sukan tsane maka su ɗauraye ta da ruwan sanyi don ta warware. Idan ruwan na garwar ɗan ga-ruwa ne da ba a san rijiyarsa ba, to an dafa abinci an sake gurɓata shi. Haka ruwan wankin faranti da aka fara da shi tun safe, haka ɗanyen kabeji da latas da ake barbaɗawa a kai, haka mayonis da ke wuni a rana. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama fiye da mutum 5,000 a Nijar ta kashe fiye da 150, kuma jihar Tawa tana cikin inda ta fi tsanani. Ba ta cikin ƙunshin taliya ta shigo ba.

"Wannan cikar da ake yi a wurinta, ba banza ba"

Duk unguwa akwai mai abincin da layinta ba ya yankewa, kuma duk unguwa akwai masu cewa asiri ta binne a ƙarƙashin murhu, ko wani ruwa take zubawa a miya. Ban taɓa jin an faɗi haka a kan wadda ba ta ciniki ba. Yawanci daga bakin maƙwabciyar sana'a zancen yake fitowa, kuma ya rusa mata da yawa da ke ciyar da marayu da wannan tukunya.

Abin da za a iya aunawa shi ne wannan: wurin da ake cika, tukunya ba ta zama. Ana saukewa ana ƙarewa ana ɗora wata, abincin bai samu awannin da ƙwayar cuta take bukata ba. Wurin da ya fi kyan gani, mai tayil da labule da mutum biyu a ciki, zai iya kasancewa makar jiya ce a firjinsa. Kyan ɗaki ba ya faɗin komai a kan tukunya. A duba ko abincin yana tururi, ko a rufe yake, ko mai zubawa ita ce mai karɓar kuɗi da hannu ɗaya, ko ruwan wankin faranti ya koma kalar miya. A wurin masu dafawa sau ɗaya a yini, wanda ya zo da azahar da wanda ya zo bayan isha'i ba abinci ɗaya suka ci ba, ko da daga roba ɗaya aka zuba musu.

Kuma tambaya ba rashin kunya ba ce, in an iya ta. "Inna, sannu da aiki. Wannan ta yaushe ce?" Mai sabuwar dahuwa ba ta jin haushi, da ludayi za ta nuna maka tukunyar da ke kan wuta ta ce, "Ɗana, zauna, yanzu zan sauke." Wadda ta ce "ai yanzu zan ɗumama maka", ka ce ta soya maka ƙwai.